Gatari na ta dawo min baya, itacen kuma hayaƙi kawai yake yi, a taimaka

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san harkar itace ku taimaka min da shawara don ni dai abin ya sha min kai. Iskar nan da aka yi sati uku da suka wuce ta kayar da bishiyoyi a wani fili da ke bayan gidanmu, mai filin ya sa aka zo da inji aka yayyanka su gunduwa gunduwa ya ce duk mai so ya ɗiba don so yake a share masa wurin. Ni kuwa na ga banza ta faɗi, na ari baro muka yi ta jida ni da ƙanena har muka cika lungu guda. To kafin in je an riga an sassare rassan, ganyen kuma awaki sun gama da shi, gumagumai kawai na tarar a cakuɗe ban san wanne ne wanne ba.

Yadda na lura kala uku ne. Na farko ɓawonsa baƙi ne ƙirin duk ya tsattsage, cikinsa ja ne mai duhu, nauyi kuwa ba a magana, ɗan guntu ma sai mun kama mu biyu. Na biyu ɓawon toka-toka ne da zane zane a tsaye, cikin ja-ja ne shi ma amma bai kai na farkon duhu ba kuma yana da wani wari in an sare shi. Na ukun fari ne, in ka danna farce ma yana shiga, kuma ranar da muka kwaso shi wani farin ruwa mai danƙo ya ɓata min hannu da riga, rigar har yau bai fita ba.

Na sayi sabon gatari na ce bari in faskara. Na farkon in na kai masa sara gatarin dawowa yake kamar na daki taya, na biyun gatarin yana shiga amma ya ƙi rabuwa sai zare zare, na ukun kuma gatarin nutsewa yake ya maƙale in yi ta kokawar zare shi. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Ɗan abin da na samu na tsaga muka gwada hurawa, wlh hayaƙi ya turnuƙe gidan, maiɗakina na ta tari ido ya yi ja, itacen na ta tsuwa yana fitar da kumfa ta ɗaya bakin, ƙarshe ta ce in ba zan iya ba in mayar wa mutane kayansu.

Sannan akwai wata doguwar bishiyar turare a filin da ta bushe a tsaye, iskar ta ɗan karkatar da ita ta wajen katangarmu, mai filin ya ce in zan iya in sare in ɗauka. Ita ce ma ta fi ban sha'awa tunda busasshiya ce ba sai na jira ba. Ta ina ake farawa?

Tsohon_Mai_Faskare:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariya da na karanta wai kamar ka daki taya, duk wanda ya taɓa riƙe gatari ya san wannan dawowar, har cikin haƙori kake jin ta.

Bari in fara da sunayen. Ban ga itacen da idona ba saboda haka abin da zan faɗa kintace ne sai ka je ka tabbatar. Na farkon nan mai baƙin ɓawo da jan ciki ko bagaruwa ce ko kirya, su biyun nan in an cire musu ganye suna rikita mutum. Bambancin mai sauƙi ne, bagaruwa tana da ƙaya dogaye farare bibbiyu a gindin ganye, kirya kuwa ba ta da ƙaya ko ɗaya. Ka koma inda bishiyar ta faɗi ka duba ƙasa sosai, akuya ba ta cinye ƙaya. Ka duba 'ya'yan kuma, na bagaruwa falan-falan ne masu tokar fata, tsakanin kowane ƙwallo da ɗan'uwansa a tsuke kamar carbi, na kirya kuwa kauri gare su kamar babban yatsa, baƙi-baƙi masu sheƙi da tauri. Ko wacce ce a cikinsu ka tsinci dami a kala, don a itacen wuta su ne manya, su da marke da tsamiya da aduwa, wutarsu ba ta garaje kuma garwashinsu yana daɗewa, shi ya sa maƙera ke son gawayin kirya.

Na biyun ina kyautata zaton darbejiya ce, wadda wasu ke ce wa dogonyaro. Abin da za a iya rikita ta da shi maɗaci ne, don dangi ɗaya ne kuma duk cikinsu ja ne, amma ɓawon maɗaci ɓamɓarowa yake yi ƙwarya ƙwarya kamar ɓawon kifi, in ka sare shi kuma jan ya fi kama da jini, ita darbejiya kuwa zanenta a tsaye yake kamar yadda ka faɗa. Ga dabara, in iskar ba ta tuge ta da saiwa ba je ka duba kututturen, darbejiya ba ta mutuwa don an sare ta, sati uku ya isa ta fara tofo. In ka ga ganyen bakinsa kamar haƙoran zarto ya ɗan lanƙwashe kamar lauje to ita ce, ganyen maɗaci bakinsa sumul yake. Kar dai ka ce za ka ɗanɗana ɓawon ka ji ko da ɗaci, na ga masu yin haka, ɓawon da ba ka sani ba ba a kai shi baki, akwai irin su gwaska da ɓawonta guba ne.

Na ukun mai farin ruwa dangin ɓaure ne, ko ɓauren kansa ko ceɗiya ko durumi ko gamji, duk kanwar ja ce a wajen wuta. Yana ci in ya bushe amma fuu ne ya wuce ya bar maka toka, kuma gara da ƙwaro suna rige ka cinye shi in ka ajiye shi ya daɗe. Kar ka zubar, ka tsattsaga shi ƙanana ya bushe ka riƙa tada wuta da shi. Rimi da kuka da zogale ma haka suke ko su fi shi lalacewa, kuka kam soso ce cike da ruwa, ban taɓa ganin wanda ya wahalar da kansa a kanta ba.

Amma in gaya maka gaskiya ko ba ka san sunan ice ba hannunka zai gaya maka darajarsa. Ka samu guntaye biyu masu girma ɗaya da suka bushe daidai, wanda ya fi nauyi shi ya fi wuta, shi ke nan. Kuma hayaƙin da ya kori maiɗakinka ba laifin sunan bishiyar ba ne, icen sati uku ɗanye ne shataf, ko kiryar ce haka za ta yi.

Maganar turaren kuma dakata tukuna, kar ka taɓa ta.

Maman_Biyu:

Sannu ɗan'uwa, ka ba maiɗakinka haƙuri ita ce da gaskiya, mu da muke zama a gaban murhu mu muka san abin da ɗanyen ice yake yi wa ido da ƙirji. Kumfar nan da ka ga tana fita ta ɗaya bakin ruwan cikin itacen ne yake tafasa. Bishiya in an sare ta ɗanya kusan rabin nauyinta ruwa ne, wasu ma sun fi haka, wato in ka ɗauki gungume mai kilo 10 kana iya cewa kilo 4 ko 5 ruwa ka ɗauko. Wutar kuma sai ta fara ƙone ruwan nan kafin ta yi maka wani aiki, kuma mayar da ruwa tururi ba ƙaramin zafi yake ci ba, ya fi ninki biyar na zafin da zai ɗauki ruwan daga sanyin ƙanƙara ya kai shi tafasa. Shi ya sa wutar ke yin sanyi, in ta yi sanyi kuma iskar da ke fita daga itacen wadda ya kamata ta kama ta zama harshen wuta sai ta fita a hayaƙi, tukunya ta yi baƙi rufin ya yi kunkunniya ke kuma kina ta fifita kina hawaye.

Abin da ake so danshin ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Ingila ma tun 2021 doka ce, ba a yarda a sayar wa masu gida ice a ƙananan ƙunshi ba in danshinsa ya wuce haka. Kuma ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa.

Yadda nake yi da nawa, ba na jibge shi a lungu kamar yadda ka ce kun yi, lungu ba iska. Ina sa duwatsu ko bulo a ƙasa in ɗora dogayen sanduna biyu sannan in jera faskararren a kai yadda ba zai taɓa ƙasa ba saboda gara da danshi, layi ɗaya, bakunan suna kallon inda iska ke fitowa don ruwan ice ta baki yake fita ba ta ɓawo ba, ɓawon ma ai aikinsa ke nan ya hana ruwa fita. In damina ce a rufe saman kawai da tsohon kwano a danne da dutse, gefen a bar shi a buɗe. Kuskuren da na taɓa yi na lulluɓe duka da leda har ƙasa wai ina tsoron ruwa, da na buɗe bayan wata guda ciki ya yi gumi ya yi funfuna fari fat, ga wari, sai da na sake shanya shi daga farko. Kuma kar ka jingina shi da bangon ɗaki, gayyatar gara ce da kunama.

In kana so ka san ya bushe ka haɗa guda biyu ka buga, busasshe ƙara yake yi ƙwal ƙwal, ɗanye kuwa dum za ka ji. Bakinsa zai tsattsage, ɓawon ya fara saki da kansa. In kana da sikeli ma ka ware guda ɗaya ka yi masa alama ka riƙa auna shi duk sati, ranar da ka ga nauyin ya daina raguwa to ya gama. Inda ake rana da busasshiyar iska faskararren ice wata biyu zuwa huɗu ya isa yawanci, masu nauyin sun fi jan lokaci, a ƙasashen sanyi kuwa har shekara ɗaya zuwa biyu suke jira. Amma gungumen da ba a faskara ba ko shekara ya yi kana iya tsaga shi ka tarar da cikin da laima.

Sabon_Shiga:

Na gode Baba, na gode Maman_Biyu Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maiɗakin amsarki ta ce dama ta faɗa min na ƙi ji. To amma yanzu ga inda na tsaya, an ce sai an faskara zai bushe, ni kuma faskaren ne ya gagare ni. Ko in bar su su bushe tukun sannan in faskara? Wani maƙwabcina ya ce busasshe ya fi saurin tsagewa. Ko kuwa gatarin ne ba shi da kyau in canza wani?

Dan_Gandu:

Malam Sabon_Shiga ba gatarin ba ne kuma ba ƙarfi ne ba ka da shi ba, inaga tsakiyar gungumen kake kai wa sara, kowa da haka yake farawa. Babban gungume mai tauri ba a fara shi ta tsakiya, ta gefe ake ɓantararsa kamar ana fere shi, ka sari kamar faɗin tafin hannu daga bakin ɓawo ka bi yadda zoben cikin ya zagaya, ɓangare zai fita, ka juya ka sake, kana yi yana ƙanƙancewa har ya rage zuciyar, ita kuma a lokacin ba abin da ke riƙe ta sara ɗaya ko biyu ta rabe. Kafin ka ɗaga gatarin ma tsuguna ka kalli bakin gungumen, bayan sati uku dole akwai 'yan tsage tsage da suka fara fitowa daga tsakiya kamar tafin ƙafar kaza, itacen ne yake nuna maka inda yake son rabuwa, ka sa bakin gatarin ya bi layin tsagar ba ya gitta ta ba.

Na biyu me ka ɗora shi a kai? In a kan turɓaya ko ƙasa mai laushi kake faskare rabin ƙarfinka ƙasa ce ke shanye shi. Ka zaɓi mafi faɗi a cikin baƙaƙen nan ka mai da shi matashi, gajere wanda bai kai gwiwa ba, ka riƙa ɗora sauran a kai can ta gefen da ya fi nisa da kai yadda in ka kuskure gatarin zai faɗa kan matashin ba ƙaurinka ba. Ƙafafu a buɗe, hannu ɗaya a ƙarshen ƙota ɗaya kusa da kan, in ka ɗaga sai na saman ya zame ya tarar da na ƙasan, ka ɗan durƙusa lokacin da yake sauka, nauyin gatarin ne ke aikin ba dantsenka ba. Bororon hannunka ma alama ce ka cika damƙe ƙotar. In ka samu tsohuwar taya ka ɗora a kan matashin ka sa gungumen a ciki, guntayen ba za su riƙa tsalle suna neman ƙafarka ko yaran gida ba kuma ba sai kana sunkuyawa kana tsayar da shi duk sara ba.

Tsawon fa? In mai injin ya yanka su dogaye, a rage su su dawo kamar santimita 30 zuwa 40, bambancin da za ka gani sai ka yi mamaki. Wanda yake da ƙulli inda reshe ya fito ko inda bishiyar ta rabu biyu, juya shi ƙullin ya koma ƙasa ka sara ta ɗaya bakin, in ya ƙi kar ka kashe kanka ajiye shi gefe.

Akwai kuma bambanci tsakanin gatarin sara da na faskare, na sara bakinsa siriri ne don ya yanke jijiyar itace, shi ne yake nutsewa ya maƙale maka a farin nan, na faskare kansa kauri ne da nauyi yana buɗa itacen ne kawai. In naka siririn ne nemi ƙarfen tsaga wanda wasu ke ce wa weji guda biyu da babbar guduma, maƙeri ma zai iya buga maka. Guda biyu na ce, don ranar da ɗaya ya nutse ya ƙi fita ɗayan ne zai cece shi. In kan ƙarfen ya fara baje wa saboda duka a goge shi, ɓarɓashin da ke fallewa daga nan kamar harsashi yake, ka sa tabarau ko na masu walda ne mai fari. Kuma kar ka riƙa dukan bayan gatari da guduma, idon da ƙota ke shiga ne zai buɗe.

Maganar maƙwabcinka kuma ni ina ganin yana da 'yar gaskiya a kan darbejiyar, jijiyarta a sarƙe take shi ya sa kake ganin zare zare, ni nakan bar ta ta ɗan sha iska bakin ya tsage sosai sannan in bi ta da ƙarfe.

Tsohon_Mai_Faskare:

Dan_Gandu ka yi bayani Allah ya yi albarka, amma a kan barin ice ya bushe ban bi ka duka ba. Darbejiya ta ɗan sha iska sati biyu uku na yarda, ai ta ma riga ta sha. Amma baƙin nan in ya kuskura ya bar shi ya bushe a gungume to sai dai ya yi turmi da shi ko kujera, bagaruwa da kirya da tsamiya da turare in suka bushe ƙarfe suke komawa, na sha ganin bakin gatari ya lanƙwashe ko ya ɓalle a kan busasshiyar tsamiya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka ma faskare. Ɗana ka fara da baƙin gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi, farin kuwa bar shi ƙarshe ba inda za shi.

Kuma ka duba ƙotar sabon gatarin nan kafin kowane aiki, sabuwar ƙota takan bushe ta saki kai. Kar ka jiƙa ta a ruwa wai ta kumbura, na kwana biyu ne, in ta sake bushewa ta fi da sakewa, a buga mata 'yar ƙusar katako ta sama ta matse. Ka sayi abinka ka kula da shi, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu_Inji:

Slm. Ni a kan turaren zan yi magana tunda aikina ke nan yankan bishiya da inji, kuma Baba ya ce ka dakata bai faɗi dalili ba. Malam abubuwa uku ka lissafa da bakinka, doguwa ce, busasshiya ce, ta karkata wajen katanga, ko ɗaya daga ciki ya isa a ce wanda bai taɓa kayar da bishiya ba ya ja da baya balle duka ukun.

Yadda ake kayar da bishiya lafiyayya a fili shi ne a fara yanka baki ta gefen da ake so ta faɗa, a cire ɓangare kamar an yanka kankana, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin, sannan a zagaya baya a yanko daga can ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin, amma ba a haɗe yankan biyu, ana barin wani siririn nama a tsakani kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Wannan naman da aka bari shi ne kamar hinjin ƙofa, shi ke riƙe bishiyar yana jan ta ta tafi inda aka nufa. Kafin a fara an share hanyar gudu ta baya a karkace, ba a miƙe ba don gindin yakan yi harbi baya, kuma ba a barin kowa kusa sai ya yi nisan tsawon bishiyar sau biyu.

To busasshiya matsalarta naman nan ba ya lanƙwasa, karyewa yake ɗas tun bishiyar ba ta fara tafiya ba sai ta tafi inda nauyinta yake, a nan kuwa katangarku ce. Sannan ba ka san cikinta ba, bishiyar da ta mutu a tsaye sau da yawa gara ta riga ta rarake ta, kana sara kana ganin kauri ashe kwanso ne. Ga kuma rassan sama, da gatari za ka sare ta, kowane sara girgiza ta yake har ƙoli, busasshen reshe mai kaurin cinya ya ɓallo daga can sama ba ka ji ba ka gani, turare kuwa ko tana ɗanya an san ta da yar da reshe. Wani da muka yi aiki tare haka reshe ya same shi a kafaɗa yana sunkuye a gindi, Allah ya sa ba a kansa ba ne, har yau hannun ba ya ɗaguwa sosai. Mai karkata kuma wani lokaci tun ba ka gama yankan baya ba sai gindin ya tsage a tsaye ɓari ɗaya ya yi sama kamar majajjawa daidai inda fuskarka take.

Irin wannan mu ma ba ma kayar da ita gaba ɗaya, ko a ɗaura igiya can sama a ja ta daga nesa ana buga ƙarfe a yankan baya, ko in ba ta hawuwa a nemo abin hawa a sauke ta guntu guntu daga sama. Ka duba ma ko akwai wayar lantarki kusa, in akwai to ba mai taɓa ta sai an kashe wutar. Ka gaya wa mai filin ya kira waɗanda suka yanka na farkon, in ta sauka ka kwashi rassan, gindin kuma ka roƙi mai injin ya yanka maka gajeru sosai don busasshiyar turare ga murɗiya ga tauri, abin da baƙin nan ya yi maka wasa ne.

yar_lelen_baba:

dan karin bayani kawai tunda naga kana kwaso itace duk inda ka gani, dan Allah banda katakon da aka yiwa fenti da filawud da guntun turken wayar lantarki da katakon rufi da aka jika da maganin gara, musamman wanda zakaga yayi kore kore, wani maganin akwai sinadarin arsenik aciki yana fita a hayaki kuma yana zama acikin toka. haka tumfafiya da tinya ruwansu in ya shiga ido bala'i ne. kuma in itacen naka ya bushe yayi garwashi mai kyau kar a shiga dashi daki a rufe kofa da taga ana jin dumi, iskar dake kashe mutane bata da wari bata da kala, bacci kawai mutum zaiji

Sabon_Shiga:

Jama'a na dawo da rahoto. Baba ka canka, na koma filin na tarar da ƙayoyin nan farare bibbiyu har ɗaya ta huda min silifas, ga 'ya'yan masu kama da carbi a ƙasa, bagaruwa ce. Kututturen na biyun kuma ya yi tofo jajaye jajaye masu bakin zarto, darbejiya ce ita ma.

Na bi ta gefe kamar yadda Dan_Gandu ya ce, wlh sara na uku na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, ɓangare ya fita fal, ƙanena har da tafi. Jiya da yau na gama gumagumai bakwai na bagaruwar, saura goma sha ɗaya da wasu biyu masu ƙulli da na jingine. Darbejiyar tana nan tana min taurin kai, na ba da a buga min ƙarafan. Na jera wanda na faskara a kan bulo, na ware guda ɗaya na rubuta masa lamba da gawayi na auna, kilo 3 da ɗan ɗori, zan riƙa dubawa duk sati.

Turaren kuwa Malam Abu na je na ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari a hankali, ƙara take kamar ganga, ga ƙasar gara ta hau ta har sama da tsayina ta gefen da ba na gani daga gida. Na gaya wa mai filin ya ce zai kira masu injin, na kuma hana yara wasa ta bayan katangar.

Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa min, da na ɗaga wani gungumen farin nan kunamu biyu na tarar a ƙarƙashin ɓawon da ya saki, saura kaɗan in kai hannu.

Maman_Biyu:

Na faɗa maka fa, koma ka karanta, na ce gara da kunama. Da ƙafa ko sanda ake fara mirgina gungume kafin a kai hannu, kuma farin nan ka ɓare masa ɓawon gaba ɗaya ka fitar da shi daga lungun yau, kar ka bari sai an gama bagaruwar.